Bitamin B1 da 'Ya'yansa: Wanne ne Yake Isa Ƙwaƙwalwa, Wanne ne Ya Cancanci Kuɗinka?

Mutum uku ne suka fi yawan tambayar maganin jijiya ko na ƙwaƙwalwa a kemis-kemis na Kaduna, daga Kawo har Barnawa. Akwai mai ciwon suga da tafin ƙafarsa ke zugi da dare. Akwai ɗalibi ko ma'aikacin da gajiya da mantuwa suka dame shi. Sai kuma mai jinyar wani nasa da ya daɗe ba ya iya cin abinci. Dukansu ukun kusan abu ɗaya ake miƙa musu, wato bitamin B1, wanda ake kira tayamin, amma a siffofi daban-daban. Wani za a ba shi ƙwaya mai araha, wani a ce masa akwai benfotayamin ɗan waje da ya fi ƙarfi, wani kuma ya riga ya gani a intanet cewa salbutayamin ne yake shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye. Tazarar kuɗi tsakaninsu ba ƙarama ba ce, ga kuma halin da aljihu yake ciki. To wanne za a saya?

Kafin a amsa, sai an san hanyar da wannan bitamin yake bi daga baki zuwa ƙwaƙwalwa, domin a kan hanyar ne duk bambancin yake.

Ƙofa biyu da mataki ɗaya

Tayamin na gargajiya, wato na asali da ba a sauya masa siffa ba, a ruwa yake narkewa, ba ya narkewa a mai. Saboda haka ba ya iya ratsa bangon ƙwayoyin halittar jiki da kansa, sai an ɗauke shi. Jiki yana da 'yan dako biyu da aka tanada don wannan aiki, masana suna kiransu THTR1 da THTR2. Ƙofa ta farko da suke tsare da ita ita ce ta ƙaramin hanji, inda suke kwasar tayamin zuwa jini. Ƙofa ta biyu ita ce shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ya fi ta farko tsauri nesa ba kusa ba. Binciken da aka yi a kan ɓeraye tun 1982 ya nuna cewa 'yan dakon wannan shinge suna da iyakar abin da za su iya ɗauka, kuma abin da suke shigarwa bai wuce abin da ƙwaƙwalwa take cinyewa da yawa ba. Akwai wata 'yar hanya ta daban da tayamin ke tsiyaya ciki ba tare da ɗan dako ba, amma ba ta yin tasiri sai yawansa a jini ya hau sosai.

Muhimmancin ƙofa ta biyu ya fito fili a wata cutar gado da aka fara bayyanawa a Saudiyya a 1998. Yaran da ke da ita an haife su da THTR2 mai tawaya. Jininsu na iya zama da tayamin daidai gwargwado, amma ƙwaƙwalwarsu na cikin yunwarsa, kuma ba sa samun sauƙi sai an ba su shi da yawa ƙwarai.

Bayan ya shiga, sauran mataki ɗaya. Wani sinadarin aiki a cikin ƙwayar halitta yana liƙa masa fosfet biyu, ya koma abin da ake kira TDP, kuma wannan sauyi yana buƙatar magnesiyam. TDP ɗin ne mai aikin, ba tayamin ɗin da aka haɗiya ba. Shi ne yake ba ƙwayar halitta damar ƙona suga ta samu kuzari, shi ne kuma yake tayar da transketoles, sinadarin da ke karkatar da rarar suga daga hanyoyin da suke lalata jijiyoyi. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na kuzarinsa, kuma kusan duka daga suga. Ajiyar tayamin a jikin babba gaba ɗaya miligiram 25 zuwa 30 ce kawai, tana iya ƙarewa cikin mako biyu zuwa uku idan ba a ci abinci ba. Namiji na buƙatar kimanin miligiram 1.2 a rana, mace 1.1, mai ciki ko mai shayarwa 1.4.

Daga nan ma'aunan da zan yi amfani da su suka fito. Shin yana ratsa hanji da kyau? Shin yana ƙara abin da ke cikin ƙwaƙwalwa, ko a jini kawai yake tsayawa? Me aka gani a jikin mutane, ba ɓeraye ba? Sai kuɗinsa, da sauƙin samunsa a nan Kaduna, da juriyarsa ga ajiya, da haɗarinsa.

Tayamin na gargajiya

Shi ne wanda ke cikin ƙwayar B1 zalla, da B-kwamples, da haɗe-haɗen B1, B6 da B12 da ake sayarwa da sunan maganin jijiya. An fara ware shi daga dusar shinkafa a 1926 a tsibirin Jaba na Indonesiya, aka kuma haɗa shi a ɗakin gwaji a 1936. Ba wani abu a cikin wannan jeri da aka sani kamar yadda aka san shi.

An daɗe ana cewa hanji ba ya iya ɗaukar fiye da miligiram 5 ko makamancin haka a sha ɗaya, komai yawan abin da aka haɗiya. Masu tallar sababbin nau'o'i suna son wannan magana ƙwarai. Amma a 2012 an gwada a Amurka, aka ba mutane masu lafiya miligiram 100, 500 da 1500, aka ga yawansa a jini yana ta hawa gwargwadon abin da aka sha. Ashe idan aka sha da yawa, yana tsiyaya ta bangon hanji ko da 'yan dako sun cika. Sai dai a lura, masu lafiya aka gwada. Wanda giya ta lalata wa hanji, ko wanda ke amai, labarinsa daban ne.

Ta fuskar kuɗi babu mai kama ƙafarsa, shi ne mafi araha, kuma ana samun wanda aka yi a gida Najeriya. Kowane kemis yana da shi. Yana jure ajiya matuƙar bai sha laima ba, don haka a lokacin damina kada a ɓalle ƙwaya daga ledarta sai za a sha. Rarar da jiki bai buƙata ba tana fita a fitsari, shi ya sa ba a san shi da guba ta baki ba.

Haɗarin da nake so a kula da shi ba daga B1 yake ba, daga abokin tafiyarsa yake. Wasu haɗe-haɗen maganin jijiya suna ɗauke da B6 har miligiram 100 ko 200 a ƙwaya ɗaya. Yawan B6 na watanni yana jawo irin zugi da mutuwar ƙafar da ake ƙoƙarin magancewa. Amurka ta sa iyakar miligiram 100 a rana, hukumar kula da abinci ta Turai kuwa a 2023 ta sauko da tata zuwa 12. Dattijo ya yi shekara yana shan irin wannan haɗin kullum, ƙafa na ƙara zafi, shi kuma yana ƙara ƙwaya. Wannan abin takaici ne, kuma karanta bayan kwali kaɗai zai iya hana shi.

Benfotayamin

A nan zan ɗan daɗe, domin shi ne aka fi talla, shi ne kuma aka fi yi wa mummunar fahimta.

A Japan aka ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1950, Jamus ce kuma ta fi riƙe shi a matsayin maganin jijiyoyin masu suga. Idan ya isa hanji, wani sinadari a bangon hanjin yana cire masa fosfet ɗinsa, abin da ya rage ya zama mai iya ratsa bango ba tare da ɗan dako ba. Daga nan jajayen ƙwayoyin jini da hanta su mayar da shi tayamin na gargajiya. Sakamakon haka, yawan tayamin a jini yakan kai kusan ninki biyar na wanda ake samu idan an sha na gargajiya daidai adadinsa. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ake bugawa a kwali.

Abin da ba a bugawa shi ne, tun kafin ya isa ƙofa ta biyu ya riga ya koma tayamin na gargajiya, dole ya bi layi wurin 'yan dakon nan masu iyaka. A 2008 masu bincike a Jami'ar Liyej ta Beljiyam, ƙarƙashin Lucien Bettendorff, sun ba ɓeraye benfotayamin na mako biyu. Tayamin ya hau a jini da hanta, amma a ƙwaƙwalwa ba a ga wani ƙari mai ma'ana ba. Duk wanda ya ce maka benfotayamin yana shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye, ya faɗi abin da binciken bai nuna ba.

Wannan ba ya nufin ba shi da wani tasiri a can. A 2010 wasu masana a Sin sun ga ya rage dasƙararren furotin ɗin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka sa wa cutar mantuwa ta Alzaima, duk da cewa TDP bai ƙaru ba. A 2020 aka fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 70 a jihar Niyok ta Amurka, masu ƙaramar matsalar mantuwa ko farkon Alzaima, waɗanda aka ba rabinsu miligiram 300 sau biyu a rana har shekara guda. Masu shan maganin sun ɗan fi jinkirin lalacewa, amma a babban ma'aunin da aka sa tun farko bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. Abin da za a ce shi ne akwai alamar da ta isa a ci gaba da bincike. Ba ta isa a ce wa iyali su riƙa sayen kwali duk wata don kaka ta daina mantuwa ba.

A wajen masu suga hujjar ta ɗan fi ƙarfi, ko da yake ita ma rabi da rabi ce. A 2007 an gano a Jami'ar Warik ta Ingila cewa tayamin a jinin masu suga ya yi ƙasa da kusan kashi 75 cikin ɗari, saboda ƙoda na zubar da shi. A 2003 an nuna a ɓeraye cewa benfotayamin yana tayar da transketoles yana kare ido daga ɓarnar suga. Gwajin Jamus na 2008 a kan mutum 165, na mako shida, ya nuna ɗan sauƙin alamomi, musamman a masu shan miligiram 600. Amma gwajin da aka yi a ƙasar Nowe, wanda ya fito a 2012, wanda ya yi shekara biyu ana ba masu suga nau'i na ɗaya miligiram 300 a rana, bai ga wani canji a aikin jijiya ba. Wato yana iya rage zugi na ɗan lokaci ga wasu, amma ba a nuna yana gyara jijiyar da ta lalace ba.

Kuɗinsa ya ninka na gargajiya sau da yawa, kuma tunda daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala. Sai a manyan famasi ake samunsa, ko a haɗe da B6 da B12, wanda ya sake dawo da mu kan gargaɗin ɗazu. Busasshiyar ƙwaya ce mai jure ajiya. Illarsa kaɗan ce, ɗan tashin zuciya ko ƙaiƙayi ga wasu.

Salbutayamin

Wannan shi ne wanda matasa suke nema lokacin jarrabawa. Tayamin biyu ne aka sauya musu siffa aka ɗaure su wuri ɗaya da sinadarin farar wuta, suka zama masu narkewa a mai. A Japan aka haɗa shi a shekarun 1960, kamfanin Servier na Faransa kuma yana sayar da shi da sunan Arcalion, ƙwayar miligiram 200. A gwajin ɓeraye na 1990 an ga ya ƙara tayamin da dangoginsa masu fosfet a cikin ƙwaƙwalwa. A wannan ma'auni ya fi benfotayamin.

To amma isa ƙwaƙwalwa daban, amfani daban. Idan ƙwaƙwalwarka ba ta rasa tayamin ba, sinadaran da ke aiki da TDP sun riga sun samu abin da suke buƙata. A 1999 an gwada shi a Faransa a kan mutum 326 masu kasala bayan rashin lafiya, na kwana 28. Zuwa ƙarshe babu bambanci mai ɗorewa tsakanin waɗanda suka sha shi da waɗanda suka sha ƙwayar da ba magani a ciki. A Faransa ma manya kaɗai ake ba shi, miligiram 400 zuwa 600 da safe, kuma ba a wuce mako huɗu.

Shi ne mai haɗari a cikin ƙwayoyin. Yana iya hana barci, ya kawo ciwon kai, rawar hannu, ko rashin natsuwa, musamman ga tsofaffi. An ruwaito wani mai larurar hawa da saukar yanayi da ya kamu da shansa har ya watsar da ainihin magungunansa. Duk wanda ake dubawa a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, ko yake shan maganin da aka rubuta masa a can, kada ya taɓa shi sai ya faɗa wa likitansa. Samunsa a Kaduna ba tabbas, kuma abin da ake odarsa ta intanet a matsayin gari ko ƙwaya marar lambar NAFDAC, ba ka da hanyar sanin abin da ke ciki.

Fursultayamin

Asalinsa daga tafarnuwa ne. A farkon shekarun 1950 masana a Kiyoto ta Japan sun gano cewa sinadarin tafarnuwa yana haɗuwa da tayamin ya ba da wani nau'i mai ratsa hanji cikin sauƙi, daga nan kamfanin Takeda ya ƙera wannan, ya fara sayar da shi da sunan Alinamin. Yana ratsa bangon ƙwayoyin halitta kamar salbutayamin, yana kuma sa jiki warin tafarnuwa. Ba kasafai ake ganinsa a kantunan nan ba, sai an yi oda, kuma babu manyan gwaje-gwajen da suka nuna ya fi sauran a jikin mutane. Ban ga dalilin da zai sa ɗan Kaduna ya sha wahalar nemansa ba.

Allura ta jijiya a asibiti

Wannan ba kayan kanta ba ne, amma dole ya shiga jerin, domin akwai ranar da babu ƙwayar da za ta maye gurbinsa. Idan tayamin ya ƙare a ƙwaƙwalwa, ana samun cutar da likita Carl Wernicke ya bayyana a 1881. Alamominta uku ne: ruɗewa, tangaɗi wajen tafiya, da rawar ido ko ganin abu biyu-biyu. Amma ƙasa da mutum ɗaya cikin biyar ne suke nuna duka ukun, shi ya sa take wucewa ba a gane ba. Idan aka makara, tana iya barin mutum da mantuwar da ba ta warkewa, ko ta yi ajalinsa.

An fi danganta ta da masu yawan shan giya, burkutu ne ko ta kwalba, amma ba su kaɗai ba ne. Mace mai laulayin da ta yi mako biyu ko uku tana amai ba abin da ke zama a cikinta tana cikin haɗari sosai. Haka wanda aka yi wa aikin ciki, da mai ciwon daji, da wanda ake wa wankin ƙoda, da wanda doguwar jinya ta ramar. Ga wani abu da ya kamata kowane mai jinya ya sani: ƙarin ruwa mai suga yana sa jiki ya cinye ɗan tayamin da ya rage da sauri. Shi ya sa ƙa'ida take a ba da tayamin kafin ruwan sugar ko tare da shi. Ɗaura wa mai laulayi ruwa a gida ko a bayan kemis, leda bayan leda, ba tare da tayamin ba, ganganci ne. Idan kana jinyar irin wannan a asibiti, ba rashin ladabi ba ne ka ce, "Likita, ranka ya daɗe, ta yi makonni tana amai, ko an sa mata tayamin?"

Allura tana tsallake hanji gaba ɗaya, ta ɗaga tayamin a jini sama ƙwarai har 'yar hanyar nan ta tsiyaya ta fara aiki a shingen ƙwaƙwalwa. Ƙa'idojin Turai sun ce miligiram 200 sau uku a rana, na Ingila kuma sun kai 500 sau uku a kwanakin farko. Idan magnesiyam ya yi ƙasa sai an gyara shi, in ba haka ba tayamin ba zai koma TDP ba. Jefi-jefi jikin wani yakan ƙi allurar nan take, numfashi ya sarƙe, don haka wurinta asibiti ne mai kayan ceto, irin su Barau Dikko ko asibitin koyarwa na Shika. Allurar B-kwamples guda ɗaya da ake yi wa mutane a kemis "don ƙarin ƙarfi" ba ita ce wannan ba.

Abinci

Yawancin masu lafiya ba sa buƙatar ko ɗaya daga cikin na sama. A giram 100, busasshen wake da waken suya kowannensu yana da kusan miligiram 0.85, riɗi kusan 0.8, ɗanyar gyaɗa 0.6, gero 0.4, dawa 0.3, farar shinkafar da aka goge tas kuwa ƙasa da 0.1. Duk waɗannan suna jibge a Kasuwar Barci da ta Sheikh Gumi. Matsalar a madafa take. Tayamin a dusa yake zaune, surfe mai tsanani yana tafiya da shi. Kanwa kuma tana lalata shi, don haka waken da aka zuba wa kanwa da yawa don ya yi saurin nuna ya rasa wani kaso na abin da ake nema a cikinsa. Jiƙa wake tun dare ya fi. Shinkafar da aka turara kafin a casa ta fi riƙe tayamin, domin turarin yana tura shi cikin ƙwayar.

A nan Najeriya an taɓa ganin yadda abinci ke jawo wannan rashi. A yankin Ilesha na jihar Osun, mutane sun riƙa kamuwa da rawar jiki da tangaɗi duk damina, har a 1993 likita Bola Adamolekun ya danganta abin da cin wata tsutsar itace. Daga baya aka tabbatar tana ɗauke da sinadarin da ke karya tayamin.

| | Na gargajiya | Benfotayamin | Salbutayamin | Fursultayamin | Allura ta jijiya |
|---|---|---|---|---|---|
| Sunansa a kwali | Thiamine | Benfotiamine | Sulbutiamine | Fursultiamine | Thiamine injection |
| Ratsa hanji | Matsakaici | Sosai | Sosai | Sosai | Ba ta bin hanji |
| Ƙari a ƙwaƙwalwa | Kaɗan-kaɗan | Ba a gani ba a ɓeraye | An gani a ɓeraye | Yana ratsa bango | Mafi sauri |
| Hujja a mutane | Mai ƙarfi ga mai rashi | Rabi da rabi | Mai rauni | Kaɗan | Ita ce maganin gaggawa |
| Kuɗi | Mafi araha | Tsada | Tsada | Tsada, sai oda | Kuɗin asibiti |
| Samuwa a Kaduna | Ko'ina | Manyan famasi | Ba tabbas | Da wuya | Asibiti |
| Ajiya | A kiyaye laima | Yana jurewa | Yana jurewa | Yana jurewa | A kiyaye zafi da haske |
| Haɗari | B6 na cikin haɗi | Kaɗan | Rashin barci, rashin natsuwa | Warin tafarnuwa | Jiki na iya ƙin ta |

Kowanne ka zaɓa, duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, in akwai wurin kankarewa ka kankare ka tura lambar. Maganin da ya wuni a faranti cikin ranar watan Maris da Afrilu a tasha, bar shi inda ka gan shi, domin yawancin waɗannan ana so a ajiye su ƙasa da digiri 30. Wajen kwatanta farashi kuma, a lissafa kuɗin shan rana ɗaya, ba kuɗin kwali ba.

Wa ya dace da wanne

Mai lafiya da ke cin wake, gyaɗa, awara da tuwon da ba a surfe hatsinsa fiye da kima ba, ya riƙe kuɗinsa.

Ɗalibi mai neman kaifin ƙwaƙwalwa, salbutayamin zai fi yiwuwa ya hana shi barcin da yake buƙata fiye da ya ƙara masa hadda. Gajiyar da ta wuce makonni tana buƙatar gwajin jini, domin ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro, suga da damuwa duk sun fi rashin B1 yawa a nan.

Mai ciwon suga da ƙafa ke zugi, saita suga shi ne gaba da komai. Idan yana shan metformin shekaru, a auna masa B12, domin maganin yana rage shi, kuma rashinsa yana kawo irin wannan zugi. Bayan haka, in likita ya yarda kuma aljihu zai ɗauka, ana iya gwada benfotayamin zalla na mako shida zuwa wata uku. In babu canji a daina. In kuɗin zai taɓa na insulin ko na ainihin maganin suga, kada a fara.

Mai shan maganin tarin fuka da ƙafarsa ta fara mutuwa, B6 yake buƙata a adadin da asibiti ya tsara, ba B1 ba.

Mai shan furosemide, maganin fitar da ruwa ta fitsari, na dogon lokaci saboda zuciya, dattijon da cin abincinsa ya ragu, da wanda ke fama da giya amma yana cikin hayyacinsa yana kuma iya ci, tayamin na gargajiya zalla ya wadatar, likita ya faɗi adadi.

Iyalin da ke da tsoho mai mantuwa su fara kai shi a duba shi, a auna B12, hawan jini, suga da sinadarin halittar wuya mai kawo maƙoƙo, domin wasu daga cikin waɗannan suna gyaruwa. Benfotayamin ga irinsa har yanzu a matakin gwaji yake.

Wanda kuwa ya yi kwanaki yana amai ko ba ya ci, sannan ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ganin abu biyu-biyu, a nemi mota a kai shi sashen gaggawa a ranar, a kuma gaya wa likita tsawon lokacin da ya yi bai ci abinci ba.